Chelsea a Kasuwar 'Yan Wasa: Hangen Nesa ne ko Almubazzaranci?

Sau biyu a shekara kasuwar cinikin 'yan ƙwallo take ci a Turai. Babbar ita ce ta hutun ƙarshen kaka, wadda a Ingila ake buɗewa a watan Yuni, a rufe a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Ƙaramar tana ci ne a watan Janairu, ana tsakiyar gasa. Tun kakar 2002/2003 hukumar FIFA ta wajabta wannan tsari, kuma da zarar kasuwa ta tashi, ɗan wasan da yake da kwantiragi da wata ƙungiya ba za a yi masa rajista a sabon gida ba sai an sake buɗewa. Daga 2022 zuwa 2025 babu ƙungiyar da ta cika wannan kasuwa da hayaniya kamar Chelsea ta birnin Landan. A ci uku na farko bayan ta sauya hannu ta kashe sama da fam biliyan ɗaya, ta kuma rabu da mafi yawan waɗanda suka ɗauko mata Kofin Zakarun Turai a 2021. Masu bibiyar ƙwallo sun rabu gida biyu a kanta. Wasu na ganin tsararren shiri ne na tara matasa tun ba su yi tsada ba. Wasu kuma na ganin kuɗi ne suka yi wa baƙin masu ƙungiya yawa, suka rasa yadda za su yi da su.

Asalin lamarin sauyin masu ƙungiya ne. Attajirin Rasha Roman Abramovich ya riƙe Chelsea tun 2003, har gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi a Maris ɗin 2022 saboda yaƙin Yukren. A ƙarshen Mayu wata haɗaka ƙarƙashin Ba'amurke Todd Boehly da kamfanin zuba jari na Clearlake Capital ta saye ta a kan fam biliyan 2.5, da alƙawarin zuba wasu biliyan 1.75. Marina Granovskaia da Petr Cech, waɗanda harkar ciniki take hannunsu, suka tafi a watan Yuni, Boehly da kansa ya hau kujerar. Sayayyarsa ta farko har da manyan sunaye: Raheem Sterling daga Manchester City, Kalidou Koulibaly mai shekara 31 daga Napoli, da Pierre-Emerick Aubameyang mai shekara 33 daga Barcelona. An kawo Aubameyang ne saboda koci Thomas Tuchel, wanda ya san shi tun suna Dortmund. Wasa ɗaya tak ya buga masa, a Zagreb, washegari aka kori Tuchel. Kafin shekara ta zagayo Koulibaly yana Saudiyya, Aubameyang yana Marseille. Daga nan aka sauya akala. Aka ɗauko Paul Winstanley daga Brighton da Laurence Stewart daga Monaco su riƙe harkar, manufa ta koma kan matasa, da dogon kwantiragi, da albashi matsakaici wanda yake ƙaruwa gwargwadon ƙoƙari.

Ƙungiyar da take saye da sayarwa haka dole sunanta ya cika jita-jita, kuma jita-jitar wannan kasuwa ba kasafai take tasowa haka siddan ba. Wakilin ɗan wasa, wanda yake cin kamasho daga kowane ciniki, yakan tsegunta wa ɗan jarida cewa wata babbar ƙungiya tana zawarcin yaronsa, don a ƙara wa yaron albashi inda yake. Mai sayarwa takan bari a ji cewa masu taya biyu ne, don farashi ya tashi. Mai saye takan sa a watsa cewa ta haƙura ta koma kan wani, don ta karya farashin. Shi kansa ɗan wasan, idan ya matsu ya tafi, yakan ƙi zuwa atisaye ko ya goge hotunan ƙungiyarsa daga shafinsa. 'Yan jarida irin su Fabrizio Romano na Italiya da David Ornstein na Ingila sun yi suna saboda kusancinsu da waɗannan majiyoyi, amma ko labarin da ya tabbata gaskiya ne, wanda ya fara sakinsa yana da abin da yake nema. Mai sauraro a gidan kallo a Kano ko Maraɗi labari yake ji. Wanda ya sako maganar kuwa tayi yake yi.

Chelsea ta sha saya a tsakiyar irin wannan zafi. A Janairun 2023 Arsenal ta shafe makonni tana ja-in-ja da Shakhtar Donetsk a kan Mykhailo Mudryk, shi kuma yaron yana nuna wa duniya a Instagram cewa wasan Arsenal yake kallo. Jami'an Chelsea suka tashi zuwa Turkiyya inda Shakhtar take sansanin atisaye, suka amince da Yuro miliyan 70 da ƙarin tsarabe-tsaraben miliyan 30, cikin 'yan kwanaki aka gabatar da shi a Stamford Bridge, filin wasan Chelsea, yafe da tutar Yukren. A ranar ƙarshe ta wannan kasuwa suka biya Benfica fam miliyan 106.8 a kan Enzo Fernández. Abin da Chelsea ita kaɗai ta kashe a watan ya zarce na duk ƙungiyoyin manyan gasannin Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa a haɗe. A watan Agusta kuma Liverpool ta daidaita da Brighton a kan Moisés Caicedo a fam miliyan 111, har koci Jürgen Klopp ya tabbatar wa 'yan jarida, sai ɗan wasan ya ce shi Chelsea yake so. Chelsea ta same shi, amma a kan kuɗin da zai iya kai wa miliyan 115. Brighton ce ta ci ribar wannan takara ba tare da ta motsa daga inda take ba.

Ba za a gane hujjar kowane ɓangare ba sai an san yadda ake rubuta cinikin ɗan wasa a littafin asusu. A wancan lokaci dokar gasar Firimiya ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Sai dai kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi dungurungum a shekarar da aka saya. Kasa shi ake yi bisa shekarun kwantiragi. Ɗan wasan fam miliyan 80 da ya sa hannu na shekara huɗu, miliyan 20 ne nauyinsa duk shekara, idan kuwa na shekara takwas ne, miliyan 10. Sayarwa ba haka take ba. Ribarta nan take ake rubutawa, kuma riba ita ce abin da aka karɓa bayan an debe ragowar kuɗin sayensa da ke littafi. Yaron da ya taso a makarantar ƙungiya ba a saye shi ba, saboda haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Wannan lissafi ne ya sa aka ba Mudryk da Enzo kwantiragin shekara takwas da rabi. Hukumar UEFA ta toshe kafar a Yunin 2023, ta ce ba za a kasa kuɗi fiye da shekara biyar ba, Firimiya ta bi sahu a Disamba, amma dokar ba ta shafi cinikin da aka riga aka ƙulla ba.

Masu kare tsarin suna farawa ne da Romelu Lukaku. An saye shi daga Inter Milan a 2021 a kan fam miliyan 97.5 yana da shekara 28, ya ci ƙwallo takwas a Firimiya, ya yi kaka biyu yana yawon aro a Italiya, a 2024 aka sayar wa Napoli a ƙasa da sulusin kuɗinsa. A wajensu wannan shi ne almubazzaranci na gaskiya: a sayi mutumin da darajarsa ta kai ƙololuwa, wanda daga ranar da ya sa hannu sai dai ta riƙa sauka. Matashi ɗan shekara 20 kuwa, ko bai zama tauraro ba, akwai mai saye. Suna kuma nuni da inda ribar ƙwallo take tafiya. Brighton ta sayi Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado a 2021 a kan abin da bai kai fam miliyan 5 ba. Benfica ta sayi Enzo daga River Plate a kan Yuro miliyan 10 da ƙarin miliyan 8, ta sayar bayan wata shida. Idan ƙananan ƙungiyoyi suna cin irin wannan riba a kan manya, me zai hana babbar ƙungiya ta je ta ɗauko yaran tun daga tushe? Dalilin da ya sa Chelsea ta ƙulla cinikin Estêvão da Palmeiras tun yana ɗan shekara 17 ke nan, ta jira ya cika 18 kafin ya iso a 2025.

Dogon kwantiragin ma yana da hujja bayan ta littafin asusu. Tun hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya inda ya ga dama ba a biya ƙungiyarsa ko sisi ba. A 2022 haka Antonio Rüdiger ya tafi Real Madrid, Andreas Christensen ya tafi Barcelona, masu tsaron baya biyu a kyauta. Wanda ya sa hannu na shekara bakwai ko takwas ba ya iya yi wa ƙungiya wannan barazana. Sannan akwai cinikin da kowane mai kare tsarin yake ɗagawa kamar tuta: Cole Palmer, wanda aka ɗauko daga bencin Manchester City ranar 1 ga Satumban 2023 a kan fam miliyan 40 da 'yan tsarabe-tsarabe, ya ci ƙwallo 22 a Firimiya a kakarsa ta farko, aka tsawaita kwantiraginsa zuwa 2033. Caicedo, bayan watannin farko na tangal-tangal, shi ya fara dukkan wasanni 38 na Firimiya a kakar 2024/2025. Waɗanda ba su samu gurbi ba ma an fita da riba a kan wasunsu. Noni Madueke ya zo daga PSV a kan kimanin fam miliyan 30, ya tafi Arsenal a 2025 a kan kimanin miliyan 50.

Masu suka ba su musanta wannan lissafi. Cewa suke yi ƙwallo mutum goma sha ɗaya suke buga ta, kuma ana bukatar su san juna. Babbar shaidarsu ita ce kakar 2022/2023, wadda Chelsea ta gama ta 12 da maki 44. Ƙwallo 38 ta ci a gasar gaba ɗaya, alhali Erling Haaland shi kaɗai ya ci wa Manchester City 36. Mutum huɗu ne suka ja ragamarta a kakar: Tuchel, Graham Potter, Bruno Saltor na wasa ɗaya, da Frank Lampard. Bayan Real Madrid ta fitar da su daga gasar Zakarun Turai a watan Afrilu, dattijon tawagar Thiago Silva ya faɗa a bainar jama'a cewa sai da aka faɗaɗa ɗakin sauya kaya saboda bai ɗauki 'yan wasan ba, ya kuma nemi a tsaya a yi tsari. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Koci mai mutum talatin da wani abu, duk ranar wasa sai ya bar fiye da goma a gida, ko benci ba su samu ba, kuma da waɗannan fusatattun zai yi atisaye ranar Litinin. Yawan ciniki yana kawo sakaci har a ofis. A daren rufe kasuwar Janairun 2023 Hakim Ziyech yana birnin Paris, an gama auna lafiyarsa, yana jiran a kammala aronsa zuwa Paris Saint-Germain. Takardun ba su shiga a kan lokaci ba, PSG ta ɗora laifin a kan Chelsea, wadda hankalinta yake kan cinikin Enzo a daren. Ziyech ya koma Landan, wurin da aka riga aka nuna masa ba a bukatarsa.

Game da dogon kwantiragi, masu suka suna cewa yadda ya ɗaure ɗan wasa haka ya ɗaure ƙungiya. Idan yaro ya zama Palmer, an ci riba. Idan bai zama ba fa? Mudryk bai taɓa zama na dindindin a tawaga ba, a Disambar 2024 kuma aka dakatar da shi bayan gwajin haramtattun ƙwayoyi, ko da yake ya ce bai sha komai da saninsa ba. Kwantiraginsa kuwa sai 2031. Roméo Lavia, wanda aka saya sama da fam miliyan 50, sau ɗaya ya shiga fili a kakarsa ta farko saboda rauni. Wesley Fofana bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2023/2024. Rauni ba laifin kowa ba ne, amma wanda ya ɗauki alƙawarin shekara bakwai ya ɗauki kasadar shekara bakwai. Akwai kuma tsohon darasi daga gidan kansa. Chelsea ta taɓa mallakar Kevin De Bruyne da Mohamed Salah suna matasa, cunkoso ya hana su wasa, ta sayar da na farko ga Wolfsburg a 2014, na biyu ga Roma a 2016. Dukansu sun dawo Ingila sun zama gwarazan abokan hamayyarta. Tara matasa ba shi ne renonsu ba. Matashi da wasa yake girma, gurbin wasa kuwa ba ya ƙaruwa don an ƙara kuɗi.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne batun 'ya'yan gida. Tunda sayar da yaron makaranta riba ce zalla, su ne suka zama hanyar cike giɓin da sayayya ta haƙa. Mason Mount ya shiga Chelsea yana ɗan shekara shida, shi ya ba Kai Havertz ƙwallon da ta ci kofin 2021 a Porto, aka sayar da shi ga Manchester United a 2023 a kan fam miliyan 55. Ruben Loftus-Cheek ya tafi Milan, Lewis Hall ya tafi Newcastle, Ian Maatsen ya tafi Aston Villa ana gab da rufe littafin shekara a ƙarshen Yunin 2024. Labarin Conor Gallagher ya fi taɓa zuciyar magoya baya. Shi ya ɗaura ƙyallen kyaftin a yawancin wasannin kakar 2023/2024, sauran shekara ɗaya a kwantiraginsa, aka amince a sayar da shi ga Atlético Madrid. Ya tashi zuwa Madrid, ya zauna a otal yana jira. Cinikinsa kuwa yana rataye ne da wani, wato Chelsea ta sayi Samu Omorodion daga Atlético, kuma wannan ya wargaje. Gallagher ya dawo Landan, aka ware shi daga atisayen manya. Sai da Chelsea ta yarda ta karɓi João Félix daga Atlético, a kan kuɗin da ya fi na Gallagher, sannan hanya ta buɗe. Félix bai cika wata shida ba aka ba da aronsa ga Milan, a 2025 aka sayar da shi ga Al-Nassr. A littafi cinikin ya yi ma'ana: ribar Gallagher ta shiga gaba ɗaya, kuɗin Félix an kasa shi. A fili kuwa an ba da wanda ake amfani da shi an karɓi wanda ba a bukata.

Amsar masu kare tsarin ita ce dokar ce ta halitta wannan yanayi, ba Chelsea ba, kuma kowace ƙungiya haka take yi. Suna ƙarawa da cewa Mount ya sha fama da rauni a United, kuma duk wanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa bai sabunta ba, sayar da shi ya fi a bar shi ya tafi kyauta. Akwai gaskiya a nan. Amma hanyoyin da aka bi don kauce wa hukunci sun raunana hujjar cewa tsarin yana ciyar da kansa. A 2023 ƙungiyar ta sayar da otal biyu da ke harabar Stamford Bridge ga wani kamfanin masu ita a kan fam miliyan 76.5, a 2024 kuma ta sayar wa uwar kamfaninta, BlueCo, ƙungiyar mata a kan kusan miliyan 200. Firimiya ta karɓi wannan lissafi, a daidai zamanin da aka zabge wa Everton maki takwas, Nottingham Forest maki huɗu, saboda karya dokar asara. UEFA ba ta lissafa irin wannan ciniki na hannun dama ya sayar wa hagu, kuma a Yulin 2025 ta ci Chelsea tarar Yuro miliyan 31. Shi ma kulob ɗin Strasbourg na Faransa, wanda BlueCo ta saya a 2023, wani ɓangare na magoya bayansa sun yi ta zanga-zanga cewa an mai da su wurin ajiyar yaran Chelsea.

Cinikin da bai yiwu ba, na Victor Osimhen, shi ya fi bayyana tsarin, kuma shi 'yan Najeriya suka fi bi sau da ƙafa. Chelsea tana da tsohuwar alaƙa da masu kallo a nan tun zamanin Celestine Babayaro ɗan Kaduna da Mikel Obi ɗan Jos. Osimhen ya ci ƙwallo 26 lokacin da Napoli ta lashe gasar Italiya a 2023, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na shekarar, sannan ya sabunta kwantiragi da aka gindaya masa farashi sama da Yuro miliyan 100. A hutun 2024 Napoli ta kawo koci Antonio Conte, wanda yake son Lukaku, aka ajiye Osimhen gefe ana jiran mai saye. Makonni aka yi ana haɗa sunansa da PSG da Arsenal da Chelsea da Saudiyya. Ranar Juma'a 30 ga Agusta kasuwar Ingila za ta tashi da ƙarfe 11 na dare, wanda a wannan lokaci na shekara daidai yake da agogon Najeriya da Nijar. Da safe labari ya bazu cewa Al-Ahli ta Saudiyya ta gama da shi. Kafin yamma ta juya ta ɗauki Ivan Toney daga Brentford. Saura Chelsea, wadda wakilanta suka ci gaba da tattaunawa har dare. Rahotanni sun nuna a kan albashi aka rabu, domin ƙungiyar ta ƙi fasa tsarinta, shi kuma ya ƙi rage nasa sosai. Ƙarfe 11 ta buga ba a sa hannu ba. Bayan 'yan kwanaki ya tafi aro Galatasaray, saboda kasuwar Turkiyya ba ta riga ta tashi ba, dubban magoya baya suka tarye shi a filin jirgin Istanbul cikin tsakar dare.

Kowane ɓangare ya ɗauki wannan a matsayin hujjarsa. Masu kare tsarin sun ce ga shaida nan cewa ba kashe kuɗi ake yi da ka ba: an ga tauraro, ana so, amma aka ƙi ba shi albashin da gobe Palmer da Caicedo za su zo su nemi irinsa. Masu suka kuwa sun ce ƙungiyar da ta iya tara masu tsaron raga da 'yan wasan gefe har ba a san adadinsu ba, ta gaza a kan abu ɗaya da kowa ya san tana bukata, wato mai cin ƙwallo. Osimhen ya ci 26 a gasar Turkiyya, Galatasaray ta ɗauki kofi, ta saye shi a 2025 a kan Yuro miliyan 75. Nicolas Jackson, wanda Chelsea ta dogara da shi, 10 ya ci a Firimiya a kakar. Gasar Turkiyya ba ta kai ta Ingila zafi ba, amma da wuya a samu mai kallon da zai rantse Osimhen ba zai wuce goma ba.

Shekarar 2025 ta ba masu kare tsarin abin nunawa. Ƙarƙashin koci Enzo Maresca, Chelsea ta gama ta huɗu, ta koma gasar Zakarun Turai da tawagar da ta fi kowace ƙuruciya a Firimiya. Ranar 28 ga Mayu ta doke Real Betis da ci 4-1 ta ɗauki kofin Conference League. Ranar 13 ga Yuli, a Amurka, ta lallasa PSG da ci 3-0 a wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta duniya, makonni shida bayan PSG ta zama zakarar Turai. Palmer ya ci biyu, João Pedro, wanda aka saya daga Brighton ana tsakiyar gasar, ya ci ta uku. Kuɗin da aka samu daga gasar ya haura dala miliyan 100. Masu suka sun rage wa kofin farko daraja, tunda gasa ce ta mataki na uku, inda Chelsea ta ci wata ƙungiyar Armeniya mai suna Noah 8-0. Na biyun kuwa ba shi da sauƙin rainawa.

Sai dai jerin waɗanda suka fara wasan da PSG yana faɗin wani abu da bai yi wa kowane ɓangare daɗi sosai ba. Daga cikin goma sha ɗayan, tara suna ƙungiyar tun Satumban 2023 ko kafin nan. Robert Sánchez, Malo Gusto, Enzo, Caicedo da Palmer sun zo a 2023, Marc Cucurella a 2022, kuma an yi wa yawancinsu dariya a farkon zuwansu. Uku 'ya'yan gida ne: kyaftin Reece James, Levi Colwill, da Trevoh Chalobah. Shi Chalobah shekara guda kafin nan ko tafiyar share fage zuwa Amurka ba a je da shi ba, aka tura shi aro Crystal Palace, sai da rauni ya kama masu tsaron baya a Janairu aka kira shi. Pedro Neto da João Pedro ne kaɗai sababbi. Ke nan idon masu sayen bai makance ba, domin ƙashin bayan tawagar daga kasuwa ya fito, kuma a nan masu cewa ɓarna ce zalla sun faɗi. Amma tawagar ba ta zama tawaga ba sai da aka bar mutum bakwai ko takwas suka yi kaka biyu suna buga wasa tare. Kofunan sun zo ne daga ɓangaren da aka daina taɓawa. Sauran gomman da aka saya aka sayar, aka ba da aro, aka ware, amfaninsu a littafin asusu yake, kuma su ne suka biya kuɗin tsarin da shekarun ƙuruciyarsu. A Agustan 2024 Sterling ya ji an cire shi daga wasan farko na kaka, cikin 'yan kwanaki aka miƙa lambarsa 7 ga Neto. Bayan aron shekara a Arsenal ya dawo, kasuwar 2025 ta tashi yana atisaye a ware tare da Axel Disasi, albashinsa na tafiya.

A matsayin kasuwanci, tsarin ya nuna zai iya tsayawa, muddin akwai masu saye a Saudiyya da Italiya da cikin Firimiya, kuma muddin makarantar ƙungiya tana fitar da yaran da za a sayar. A matsayin hanyar gina zakara, hujjar masu suka ta fi nauyi har zuwa inda shaida ta tsaya. Ko a shekarar da aka ci kofin kulob-kulob na duniya ba a sassauta ba: a hutun 2025 an kawo Liam Delap da Jamie Gittens da Jorrel Hato da Alejandro Garnacho, aka sallami Madueke da Christopher Nkunku, aka ba Bayern Munich aron Jackson. Ma'aunin ƙungiya irin Chelsea shi ne gasar wasanni 38, inda zama tare ya fi tasiri fiye da gasar wata guda. Zuwa ƙarshen kakar 2024/2025 rabonta da kofin Firimiya tun 2017, zamanin da Conte yake kocinta. A kakar ta gama da maki 69, tazarar maki 15 tsakaninta da Liverpool mai 84, wadda sabon ɗan wasa ɗaya kacal, Federico Chiesa, ta ƙara a tawagarta a kasuwar da ta gabaci kakar.